Yadda Sumul Ya Gurza Babansa da Surukinsa

Sai an fara sanin aikin mutumin tukuna, in ba haka ba za a ɗauka yana da taɓin hankali, alhali lafiyarsa ƙalau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A masana'antar da ke ƙera giyar motoci da ta manyan injuna, can ƙarshen dogon zaure, bayan an wuce masu yankan haƙoran giya da masu gasa ƙarfe, akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri. Nan Sumul yake wuni. Sunansa na gaskiya yana jikin katin aiki, katin kuma ya daɗe da gogewa a aljihu. Kowa Sumul yake ce masa, saboda kalmar da yake faɗa ke nan duk sa'ad da aiki ya yi masa kyau.

Giya biyu ake kawo masa, babba mai faɗin faranti da ƙarama kamar dunƙulen hannu. An yanka musu haƙora, an gasa su har sun yi tauri, to amma wuta ba ta barin ƙarfe yadda ta same shi. Nan ya ɗan kumbura, can ya ɗan karkace, abin da ido ba ya gani. In aka sa su a mota haka, kuka za su yi ta yi, irin kukan da ke sa direba ya riƙa waiwaye yana neman abin da ya taka. Aikin Sumul shi ne hana wannan kukan. Zai ɗaura su a inji, haƙori cikin haƙori, ya sakar musu wani mai da aka dama da garin dutse mai laushi kamar hoda, ya ɗan danna birki don su ji nauyin juna, sannan ya kunna. Su yi gaba, su yi baya, garin dutsen yana cinye tudun da ke jikin kowacce, har su saba. Daga nan ya wanke su tas, ya shafa wa haƙoran babbar wani fenti ruwan ɗorawa, ya juya su a hankali. Duk inda suka taɓa juna, fentin zai nuna. In tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, aiki ya yi. In ya gudu gefe, a koma. Fentin nan ba ya bushewa, da gangan aka yi shi haka.

Ya shigo masana'antar yana saurayi da burin zama mai yankan haƙora, don su ne ke da manyan injuna masu fitilu. Aka tura shi ɗakin gurza wai na ɗan lokaci. Yanzu furfura ta kama gemunsa, ɗan lokacin bai ƙare ba. Abin da ɗakin ya yi masa kuwa shi ne ya lalata masa kunne ta hanyar gyara shi. Ba ya iya zama kusa da fanka mai ƙara. In ya shiga motar haya ya ji gindinta yana kuka, sai ya taɓa kafaɗar direba ya yi masa jaje. An taɓa nemansa a wajen walimar abokin aiki aka rasa, ashe yana bakin get da robar mai yana ba ƙyauren mutane magani. Kuma yana da magana guda da yake maimaitawa har abokan aiki suka haddace: wai babu ƙarfe biyu da suka ƙi juna, sai dai ba a gurza su ba.

A gida akwai matarsa, ma'aikaciyar asibiti, wadda unguwa ke kira Nas. Shi ma Nas yake ce mata in ya ga ranta a ɓace. Yara sun girma, suna makarantar kwana. Akwai kuma ɗakin baya mai gado biyu da taga ɗaya, inda babansa yake zaune tun rasuwar mahaifiyarsa. Tsohon ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, har yanzu kuma Direba ake ce masa, kuma har yanzu magana yake yi kamar injin yana kunne. Yana da rediyo da ba ya kashewa, yana son taga a buɗe, yana cin gyaɗa yana tara ɓawon a cikin hularsa.

Lafiya ake zaune har ciwon suga ya tasar wa mahaifin Nas. Ta je ta ɗauko shi, don ita ce mai yi masa allura, ita ce mai sa ido a kan abincinsa. Tsohon shugaban makaranta ne, Hedimasta, mutum mai ninke jarida kamar za a mayar wa mai ita. Yana son taga a rufe, yana son shiru, kuma ba ya iya jin magana ta karkace bai miƙe ta ba. Gado na biyu aka ba shi.

Tun ranar farko aka fara.

“Malam, iskar Allah ce fa, ba a biya,” in ji Direba yana tura tagar.

“Ƙurar titi ce, Direba, ita ma ba a biya. Asibitin ne ake biya.”

“Na kwana a ƙarƙashin mota a daji, ban mutu ba.”

“An lura. Har yanzu a can kake zaton kake.”

Nas ta rataya labule tsakanin gadajen. Ta raba musu lokacin cin abinci. Ta saya wa kowa fulas ɗin shayinsa. Da yamma in sun fita shan iska a ƙofar gida, kujerar wannan tana dama da ƙofa, ta wancan tana hagu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya kamar masu gadin banki da suka yi faɗa. Duk da haka ta cikin labule ake jifan juna da magana, har jinin Hedimasta ya fara hawa.

Wata safiya Nas ta tsaya a bakin kicin da kayan aikinta a jiki, ta ce, “Baban yara, na yi magana da ƙanina. Yana da ɗaki a garinsu. Ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauki Baba.”

“To, ai shi ke nan, an huta.”

“Ni ma zan bi shi. Wa zai yi masa allurar? Na nemi a mayar da ni asibitin can.”

“Har yaushe?”

“Har ranar da Baba ya daina buƙatata. Ka lissafa da kanka.”

Ta tsaya tana kallonsa. Sumul ya duba agogo, ya ce motar ma'aikata za ta wuce shi. A hanya ya yi ta lissafi. Babansa ba shi da wani ɗa da zai je wurinsa. Nas kuwa in ta faɗi abu, ta gama shirya shi tun jiya. Ya hango kansa a gidan nan, shi da rediyo da ɓawon gyaɗa, babu mai ce masa ya cire takalmi a bakin ƙofa.

Ran nan yana tsaye a gaban inji, giya biyu suna kuka suna cizon juna, sai abin ya faɗo masa. Lokacin hutun rana ya samu abokinsa mai gasa ƙarfe, wanda ake kira Mai Tanda, ya zayyana masa komai.

“Ka ga kuskuren Nas? Ta raba su. Labule, fulas biyu, abinci daban. Ta yaya za su saba? Giyar da ba ta shiga cikin 'yar'uwarta ba har abada da tudunta za ta mutu.”

Mai Tanda ya ajiye burodinsa. “Sumul, babanka fa kake magana a kai.”

“Da surukina. A haɗa su, a ɗan danna birki, a zuba gari kaɗan.”

“Wane gari?”

“Ƙananan abubuwa. Abin da zai sa dole su juyo su yi wa juna magana ido da ido.”

“Ka gwada ce wa matarka kar ta tafi?”

“Wannan ba gyara ba ne, roƙo ne,” in ji Sumul, ya tashi ya koma ɗakinsa.

Ya fara da labule. Ya cire shi ya ce zai kai wanki, ya cusa shi a bayan kabad. Fulas ɗaya ya ɓace, ya ce ya tsage. Wannan shi ne birkin. Sai gari. Kullum yana dawowa daga aiki daidai lokacin da tsofaffin ke ƙofar gida, ya gaishe su da ladabi har ƙasa, ya shige ciki, ya zarce ɗakin baya a kan yatsun ƙafa. Yau ya murɗa rediyon Direba zuwa tashar da ake koyar da lissafi. Gobe ya ɗauki gidan tabarau na Hedimasta ya sa a cikin hular gyaɗa. Jibi ya juya wa jarida ciki waje. Rannan ya musanya silifa ƙafa ɗaya ɗaya. Kuma yana bi da tsari, kamar yadda ya saba: in ya taɓa wannan yau, gobe wancan zai taɓa, gaba da baya, don kar gefe ɗaya ya cinye fiye da ɗaya.

Ƙarar da ta tashi a gidan sai da maƙwabta suka leƙo.

“Wa ya ce maka ina son lissafi? Na kai kaya iyaka da iyaka ban taɓa ɓata ko buhu ɗaya ba.”

“Ban taɓa akwatin hayaniyarka ba. Kai dai ka gaya mini abin da tabarauna yake yi a cikin shararka.”

“Wataƙila shi ma ya gaji da kai ne, ya zo hira.”

Sumul yana falo yana jin su, yana gyaɗa kai. Haka inji yake yi da farko, kuka yake ƙaruwa kafin ya kwanta. Nas tana zirga-zirga da na'urar awon jini, fuskarta kamar an aiko mata da mummunan labari.

“Murmushin me kake yi?” ta tambaye shi.

“Ba murmushi ba ne, Nas. Haƙori ne ke damuna.”

“Allah ya sa ya fita.”

Ana cikin haka, saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare, sai gidan ya yi tsit. Sumul ya dawo daga aiki ya tarar da kujerun ƙofar gida sun matso kusa da juna. Ya gaishe su, suka amsa tare, da wata irin fara'a da bai taɓa gani ba. Ya shige, ya je ya ɗan buɗe tagar da yatsa, ya sauya wa maganin tari wuri. Da ya fito ya ji suna magana ƙasa ƙasa, har Direba, wanda bai taɓa sanin ana rage murya ba. Washegari ya ji dariya. Dariyar Hedimasta, wadda ko 'yarsa ta ce rabonta da ita tun tana firamare.

A wurin aiki ya je ya tsaya a bakin tanda, ya harɗe hannu a ƙirji.

“Sumul,” ya ce wa abokinsa. Kalmar ke nan kawai.

“Matarka ta fasa tafiya?”

“Za ta fasa. Ai ta ga aiki da idonta.”

Nas ba ta ce ta fasa ba. Shi kuma bai tambaya ba, yana jira ta zo da kanta ta yaba.

Ranar da ƙaninta zai zo, da hantsi, Sumul yana shan shayi sai ya ga akwatuna biyu a bakin ƙofa, na Hedimasta da nata. Kafin ya haɗiye shayin, muryar babansa ta taso daga ɗakin baya.

“Kai, yaron nan. Zo. Ke ma 'yata, zo ki zama shaida.”

Tsofaffin suna zaune a gado ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. An jawo ɗan teburi gabansu, an shimfiɗa farin tawul, an jera kaya a kai: rediyo, gidan tabarau, silifa ƙafa biyu da ba su dace ba, kwalbar maganin tari, da jarida. Hedimasta ya sa tabarau, ya riƙe biro kamar sanda.

“Zauna,” ya ce. Babu kujera. Sumul ya tsuguna.

“Direba, nuna masa na farko.”

Direba ya ɗaga rediyo, ya nuna maɓallin murɗawa. A gefensa akwai ɗan tabo ruwan ɗorawa. Hedimasta ya juya gidan tabarau, ga wani. A igiyar silifa, ga wani. A murfin kwalba, a kusurwar jarida, har da jikin ƙarfen taga, Direba ya miƙa hannu ya nuna.

“Da na fara ganinsa na ɗauka miya ce babanka ya shafa mini,” in ji Hedimasta. “Na kai masa ƙara har gadonsa.”

“Ni kuma na sansana,” in ji Direba. “Na ce Malam, wannan ba daga tukunya ya fito ba, warin mai yake yi. Na goga da yatsa, ya biyo ni. Na ce fentin da ba ya bushewa, a gidan nan mutum ɗaya ne ke yawo da shi.”

“Muka duba hannuna, babu. Muka duba nasa, babu, sai gishirin gyaɗa. Kai yaro, miƙo hannunka,” in ji Hedimasta.

Sumul ya miƙa. Yana wanke hannu kullum kafin ya bar aiki, da sabulu har sau biyu. Amma a ƙarƙashin farce da cikin tsagar babban yatsa, ga shi nan zaune, fentin nan ruwan ɗorawa. Shekara da shekaru yana amfani da fentin nan don ya ga inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma yana taɓa abubuwa ba.

“Mun bar ka ka ci gaba ne don mu ga iyakarka,” in ji Hedimasta. “Yanzu ka yi mana bayani. A hankali, da cikakkun jimloli.”

Nas tana jingine da ƙofa. Sumul ya share gumi ya fara. Ya yi bayanin wuta da tudu, da birki, da garin dutse, da gaba da baya. Yana yi yana haɗa yatsun hannayensa yana juyawa, har ya ɗan manta cewa shari'a ake yi masa, muryarsa ta fara daɗi.

Direba ya katse shi. “Dakata. Wato ni ƙarfe ne.”

“Misali ne, Baba.”

“Na haife ka, na yi maka goyo a gaban mota, ka girma ka ɗaura ni a inji.”

“A cikin misalin naka,” in ji Hedimasta, “wane ne babbar giyar?”

Sumul ya ga rami a gabansa. “Baba Malam, ai duk ɗaya ne.”

“Ba ɗaya ba ne. Ka ce akwai babba da ƙarama.”

“Ni ne babbar, ai a fili yake,” in ji Direba. “Dubi jikina, dubi naka.”

“Ita ƙaramar ce ke juya babbar,” Sumul ya faɗa a hankali, don gaskiyar aiki ba ta barinsa ya yi shiru.

Hedimasta ya gyara zama. “To, na karɓi ƙaramar.”

“A'a, Malam, tsaya. Wa ya san tuƙi a cikinmu?”

Suka ɗan taɓa wannan gardama na ɗan lokaci, amma ba irin ta da ba, don suna yi suna kallon Sumul, kowa yana jira ya ga wanda zai goya wa baya ya ƙara wa kansa laifi. Sai aka ji hon a waje. Ƙanin Nas ya iso.

Hedimasta ya cire tabarau, ya ninke tawul a kan kayan shaida. Ya dubi 'yarsa.

“Ki ce wa ƙaninki ya yi haƙuri da man da ya ƙona. Ba zan tafi ba. Ba zan bar bawan Allah nan shi kaɗai a hannun wannan yaron ba. Yau rediyo ne, gobe Allah kaɗai ya san abin da zai murɗa masa.”

“Ni ma ban yarda a kai Malam inda ba mai sa masa ido ba,” in ji Direba. “Mutumin da ba ya gane warin mai, ai sai a cuce shi.”

“Tagar fa?” Nas ta tambaya. Maganarta ta farko ke nan.

“Rabi a buɗe, rabi a rufe,” suka ce.

Tunda mota ta riga ta zo, Direba ya ce ba za ta koma haka ba, a kai su aski, daga nan a zaga da su su ga masana'antar da ake koya wa yara raina iyaye, ko daga waje ne. Ƙanin Nas, wanda ya yi doguwar tafiya don ɗaukar mara lafiya, ya tsinci kansa yana buɗe wa tsofaffi biyu ƙofa. Motar ta tashi, Direba yana gaya masa ya yi saurin sauya giya, Hedimasta yana gaya wa Direba ba a ce wa mutum haka a motarsa.

Aka bar Sumul da Nas a bakin ƙofa da akwatuna biyu.

“Mayar da su ciki,” ta ce.

Ya ɗauki na Hedimasta, da nauyi kamar an cika shi da duwatsu, ya kai ya dawo. Ya tattara ƙarfi ya sunkuya ya fizgi nata, sai ya kusa faɗuwa da baya. Babu komai a ciki. Ya girgiza shi, ya dube ta.

“Da ma ba za ki tafi ba?”

“Da na tafi. Kayana suna kan gado a ninke, zuba su kawai ya rage. Na ce ba zan zuba ba sai na ga ko mutumin nan zai buɗe baki ya ce mini wani abu. Wata guda ina jira. Kai kana can kana satar labule.”

Sumul ya tsaya da akwatin a hannu. Ya gyara murya, ya dubi titi, ya dubi takalminsa.

“To,” ya ce. “Kar ki tafi.”

“Yanzu da motar ta wuce?”

“Ko ta dawo.”

Ta dube shi, murmushi yana so ya ƙwace mata tana hana shi. Sannan ta juya ta shige gida.

“Shigo da shi,” ta ce daga ciki. “Kai za ka mayar da kayan cikin kabad, kuma yadda na ninke su.”